Ƙoƙon Baba a Tsakiyar Jirgi

Ƙoƙon ne ya fara gaya mini. Ɗan ƙoƙon duma da Baba yake kwarfe ruwa da shi, wanda kullum yake ajiyewa a tsakiyar jirgi, shi na ga ya taho yana gangarowa a hankali har ya zo ya daki ƙafata ta hagu. A lokacin ina durƙushe a ƙasan kwalekwalen, kaina a sunkuye, ina amsa gaisuwa. Babu wanda ya yi salati tukuna, ruwa bai shigo ba, wata mata ma dariya take yi a bayana. Amma ni a cikin jirgin nan na girma, na san ƙoƙon Baba ba ya barin wurinsa sai nauyi ya koma gefe guda. Na ɗago na dubi Baba can baya inda yake tuƙi, na ga usur a bakinsa. Tun da nake ban taɓa ganin ya sa usur a baki a tsakiyar kogi ba.

Wata biyu ke nan da faruwar abin, har yanzu in na leƙa randa zan ɗebi ruwa sai gabana ya faɗi. Ku yi haƙuri in kun ga ina ta komawa baya a wannan rubutu.

Sunana Hadiza, ni ce autar Malam Isiyaku, wanda duk Wudil ba a san shi da wannan suna ba sai Sojan Ruwa. Shekara ashirin yana fito a mashigin da ke can ƙasa da gada, inda mutanen ƙauyukan tsallake suke ƙetarowa, don zagayawa ta gada da kaya a ka tafiyar rabin yini ce. Bana da sojoji suka koma bariki aka zaɓi sabon kansila, shi ne ya ce za a yi taro a karrama Baba tunda ya yi wa ƙasa yaƙi. Aka ce a rubuta tarihinsa a karanta a wurin, aka ce a ba ni, ni ce na yi sakandare. Na san abin da ake so, labarin bindiga da manyan jirage. Wannan kaɗan na sani. Aikin fito shi na sani, kuma da ku nake, samarin mashigi masu sababbin jirage da inji, don abin da ake faɗa a bakin ruwa ya iso ni har ɗaki: wai Sojan Ruwa da duk dokokinsa ga shi jirginsa ya kife. Ya kife, gaskiya ne. Zan faɗa muku wanda ya kifar da shi.

Baba ɗan masunta ne, ya iya iyo tun ba a rubuta masa allo ba. Da yaƙin basasa ya tashi ya tafi Kano wajen ɗaukar soja, da niyyar ya riƙe bindiga kamar kowa. Mai ɗauka ya ce wa ya iya ruwa, ya ɗaga hannu, shi ke nan aka sa shi a jirgin ƙasa sai Ikko. Yakan ce ranar da ya fara ganin teku ya kamfaci ruwa zai yi alwala, da ya kai baki ya tofar, ya ce wa na kusa da shi wani ya ɓata ruwan nan da gishiri. Mako guda yana amai a cikin babban jirgi, shi da yake taƙama an haife shi a bakin kogi. Daga baya aka ba shi aikin ƙananan jirage, masu kwasar sojoji daga babban jirgi a shiga da su lungunan ruwa na kudu, inda itatuwa suke tsirowa a cikin ruwa, a sauke su a gaɓa. Fito ne dai, in ji shi, sai dai ana harbinka.

Ya ajiye aikin shekarar da sojoji suka miƙa mulki karon farko, da daminar da aka haife ni. Ya dawo da akwatin ƙarfe ɗaya, da usur, da wata farar igiya mai kauri, da kunnen hagu da ya daina ji saboda ƙarar manyan bindigogi. Abokan aikinsa wasu gadi suka kama a masana'antun Kano, wasu suka koma tuƙin mota. Shi ya je wajen masu haɗa jirage aka yi masa kwalekwale na katakon maɗaci mai benci biyar.

Aikin farko da ya yi wa jirgin, Inna, mahaifiyarmu, ita take ba mu labari. Ya cika buhuna da yashi ya yi ta lodawa, ya fita ya duba daga gefe, ya shiga ya jijjiga, ya rage, ya ƙara, yini guda. Da ya gamsu ya sa ƙusa ya yi alama daidai inda ruwa ya tsaya, ya jawo jirgin tudu ya ja masa layi da farin fenti. Daga ranar, in ruwa ya taɓa layin nan ko tsintsiya ba za a ƙara ba. Gwaggo Tabawa, mai kawo albasa daga wajen Achika, shekara ashirin suna faɗa a kan layin nan.

"Isiyaku, buhu ɗaya ne fa ya rage."

"Ya jira sawu na biyu."

"Sawu na biyu kasuwa ta watse. Ubanka da yake ƙetarar da mutane a nan har maraƙi yake ɗauka, ba fenti ba komai."

"Yana ɗauka. Ki tambayi masu maraƙin nawa suka isa."

"Kai dai soja ya lalata ka."

Ta zage shi tas ta zauna. Kuma ba ta taɓa shiga jirgin wani ba.

Takalmi ba ya shiga jirgin Baba a ƙafa, sai a hannu. Mai goyo za ta kwance ɗanta ta riƙe shi a gaba, ko da barci yake yi. A ƙarƙashin kowane benci akwai jarkoki biyu marasa komai, murfinsu a ɗaure tam, an ɗaure su da wani irin ƙulli wanda duk jijjigar duniya ba ta warware shi, amma ka ja silin igiyar sau ɗaya ya saki. Shekara da shekaru mutane suna tambayarsa ya sayar musu da jarkokin nan tunda ba ya zuba komai a ciki. Yakan ce ai cike suke.

Sai ƙirga. Kun san mutanenmu ba sa son a ƙirga su. Baba kuwa sai ya bi kowa da yatsa, da ƙarfi, kowa yana ji: ɗaya, biyu, uku, har jariri. In an sauka ya sake. Gwaggo Tabawa takan ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Tsallake ni, ni ba akuyarka ba ce." Ya ce, "Bakwai," ya wuce.

Amma zama shi ne abin da ya fi jawo masa baƙin jini. A tudu kowa ya san wurinsa, maza gaba mata baya, babba a kujera yaro a ƙasa. Baba bai san wannan ba in an shiga jirgi. Ido kawai zai sa maka ya auna ka, ya ce kai dama, ke hagu, buhun nan tsakiya. In kowa ya zauna sai ya ɗora ƙoƙon nan a wani ɗan wuri mai sulɓi a tsakiyar ƙasan jirgin ya saki. In ya tsaya a tafi, in ya gangara a sake zama. Na taɓa ganin ya zaunar da wani mai unguwa kusa da ɗan akuya ɗaurarre. Mutumin ya ce, "Ka san ko ni wane ne?" Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun sauka ni zan riƙe maka takalmi. Yanzu dai nan ne wurinka." Kafin ya tura jirgi kuma, kullum sai ya faɗi magana ɗaya, har yara suka haddace suna kwaikwayonsa a unguwa: "Wanda ya zauna ya zauna. Ko maciji ka gani a ƙafarka, faɗa mini, kada ka motsa."

Kwarfar ruwa ita ce aikina na farko, ina 'yar shekara bakwai. Yayyena maza babu wanda ya so kogi, sai Baba ya riƙa tafiya da ni ranar da babu makaranta. Shi ya nuna mini ruwan cikin jirgi iri biyu ne, akwai wanda ya fantsamo daga sama, akwai wanda ya tsattsafo daga ƙasa. Sai in bi haɗin katako da yatsa, in na ji wani ɗan sanyi yana motsi a fatata, ɓaraka ce, in yi mata alama da gawayi. Ranar Laraba mu jawo jirgin tudu mu kife shi, ya narka kwalta a gwangwani, ni in yayyaga tsumma siri-siri, ya riƙa cusawa da bakin wuƙa yana bi da kwalta. Har yau in na ji warin kwalta ana gyaran titi sai in ji kamar ina zaune a yashi ina cin gyaɗa, Baba yana waƙar turancin da babu wanda ya san ma'anarta, shi ma ina jin bai sani ba.

Ya koya mini iyo a gefe inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Wata Laraba da jirgin yake kife ya ce in shiga ƙarƙashi. Na shiga, duhu. Ya ce daga waje, "In jirgi ya kife a kanki, kada ki yi ta lalube kina neman hanya. Ɗaga kanki, akwai iska a cikin cikinsa. Ki sha ta a hankali, ki buga katako, uku-uku. Haka muke yi a babban jirgi." Na buga, ya buga mini, na yi ta dariya, a zatona wasa ne. Da na kai sha biyu Inna ta ce ya isa, yarinya ta girma, na bar kogi na koma littafi.

Sabi'u, kai ne ka fara kawo inji mashigin nan, kada ka ji haushi in na ambace ka. Ina nan ranar da na kai wa Baba abinci kake ce masa, "Baba, ka huta mana. Aikin nan yanzu igiya ɗaya za ka ja, inji ya yi sauran."

"Injin ya san inda yashi ya koma bana?"

"Ai ido ne, Baba."

"To duba can, daidai giginyar nan. Me ka gani?"

"Ruwa."

"Ni ma shekarata ta farko ruwa nake gani." Ya ajiye kwano ya miƙe. "Kogin nan ba ya bin hanya ɗaya shekara biyu. Inda ka ga ruwa ya yi laushi kamar an zuba masa mai, rami ne, gora ba za ta taɓa ƙasa ba, filafili za ka ɗauka ka tuƙa. Inda yake 'yan ƙananan tsalle-tsalle, yashi ne bai kai gwiwa ba. In ka ga kumfa da kara suna tahowa da safe, an yi ruwa a sama, kafin azahar zai ƙaru, ka rage kaya tun ba ka ga ya ƙarun ba. Kuma ba a nufar gaɓa kai tsaye, hancin jirgi sama yake kallo, ruwa ne zai sauke ka inda kake so. Duk wannan mai sauƙi ne, shekara uku ka iya. Mutane su ne aikin. Buhu in ka ajiye shi yana nan. Mutum kuwa zai ji tsoro, zai ji kunya, zai hango ɗan'uwansa a gaɓa ya miƙe yana ɗaga hannu."

Ba a yi mako ba farfelar injinka ta kama yashi daidai giginyar nan ta karye. Baba ya je da gora ya jawo ka da farar igiyarsa. Washegari kai da kanka ka zo ya koya maka ƙullin jarka.

Shekarar fari ita ce mummunar shekararmu. Ni ƙarama ce, abin da na riƙe kaɗan ne, sauran a bakin Inna na ji. Kogi ya janye har ya zama wani ɗan siriri da yara ke tsallakewa, mutane suna wucewa da ƙafa, jakai suna bi ta gaban jirage. Jirgin katako in ya bar ruwa rana ta buge shi, tsagewa yake yi. Masu fito wasu suka bar nasu a yashi suka tafi ci-rani, wasu suka farfasa aka yi ƙofofi da katakon. Baba ya koma lodin yashi a mota don mu ci abinci. Amma kullum da sassafe, kafin ya tafi, sai ya je ramin da ya tona a tsakiyar kogi ya ɗebi ruwa garwa huɗu ya yayyafa wa jirgin ciki da waje, ya rufe shi da zana. A lokacin da ake layin ruwan sha. Aka ce ai dama sojojin da suka dawo daga yaƙi kansu ba daidai yake ba, ga Isiyaku yana ba jirgi ruwa kamar doki. Abin da na tuna da idona shi ne inuwar ƙarƙashin zanar nan, da sanyinta, ina shiga ina ɓuya. Da ruwa ya dawo, duk mashigin jirgi ɗaya ne ya hau ruwa bai sha ba.

Labarin yaƙi sau ɗaya ya taɓa ba ni, shi ma muna toshe ɓaraka ne, idonsa yana kan wuƙa. Ya ce wata rana sun ɗauko sojoji za su sauke su a wani lungu, sai aka buɗe musu wuta daga gaɓar dama. Harsashi bai sami ko mutum ɗaya ba. Amma kowa ya zabura ya koma hagu, jirgin ya juye. Mutane da manyan takalma a ɗaure, da bindiga, da jaka a baya, yawancinsu 'yan tudu irin namu da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙirji ba. Ya fito da huɗu. Na biyar da Baba ya kama ta riga, rigar ta zame ta bar masa hannu. Ya ce abin da ya fi damun su ranar, babu wanda ya san mutum nawa aka ɗauko, don haka babu wanda ya san yaushe za a daina nema. Daga nan ya ce, "Miƙo tsumma." Bai sake tayar da maganar ba.

Mai girma kansila, iyakar tarihin yaƙin da nake da shi ke nan. In akwai lambar yabo a akwatinsa ni ban taɓa gani ba. Amma layin fenti, da cire takalmi, da ƙirga, da ƙoƙo, duk daga lungun nan ya kawo mana su. In ana son a karrama shi da abin da zai ji daɗi, a sa kowane jirgi a mashigin nan ya ja layi ya ɗaura jarka.

Ranar Juma'ar da abin ya faru watana huɗu da aure. A tsallake aka kai ni, gidan su mijina Lawan. Na fito da hantsi zan je ganin Inna. Kogi ya cika ya yi ja, kumfa da kara suna wucewa. Ina isa mashigi na tarar da surukina, Alhaji Mati, mahaifin Lawan, zai je kasuwar shanu. Ko sunan nan da na rubuta ban taɓa faɗarsa da baki ba. Wata huɗu ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa amsa gaisuwarsa a tsaye ba. Da na san zai fito da na jira sawu na biyu, amma Baba ya riga ya gan ni.

Alhaji mutum ne mai jiki. Baba ya sa shi dama a benci na uku, ya dube ni ya ce hagu, bencin dai. Ya tsayar da buhun albasar Gwaggo Tabawa a gabanmu ya ce in tokare shi da gwiwa.

Na ce a hankali, "Baba, ka sake mini wuri."

"Nauyinki nan ya dace."

"Baba, don Allah."

"A jirgi muke, Auta."

Alhaji ma ya sa baki. "Malam Isiyaku, bar yarinya ta koma wajen mata mana."

"In mun sauka, Alhaji."

Gwaggo Tabawa daga bencin baya ta ce, "Wannan ko kunyar suruki bai sani ba. Soja dai." Aka yi dariya. Baba ya ƙirga, goma sha ɗaya. Ya saki ƙoƙo, ya tsaya. Ya faɗi maganarsa ta kullum ya tura jirgi.

Na takure, na ja mayafi, ina kallon yatsun ƙafata. Muka wuce yashi, Baba ya ajiye gora ya ɗauki filafili, muka shiga inda ruwa yake da ƙarfi. Alhaji mutumin kirki ne, na san shirun ne ya yi masa nauyi, ya so ya sauƙaƙa mini. Ya ce, "Amarya, an tashi lafiya? Yaya baƙunta?"

Shekara biyar na yi ina koyon jirgi, amma shekara ashirin na yi ina koyon yadda ake amsa gaisuwar babba. Ban yi shawara da kaina ba. Sai kawai na ji na zame daga benci na durƙusa, na matsa jikin katakon hagu don kada in taɓa ƙafarsa, ina cewa lafiya lau. Gwiwata ta bar buhu. Matar da ke zaune tsakiya a bayana ta matso hagu ta kare ni da mayafinta tana dariya, tausayina ta ji. Alhaji kuma kunya ta kama shi ganin ya sa na sauka, ya karkato gaba ɗayansa wajena yana cewa, "Tashi ki zauna, 'yata, tashi." Buhu ya kwanta. Babu wanda ya yi rashin hankali a cikinsu, kowa kirki ya yi. Ni ce na fara motsawa, ni da na fi kowa sanin dokar. A nan ƙoƙo ya zo ya daki ƙafata.

Na ji usur sau uku, sai ruwa.

Ban san sama ba ban san ƙasa ba. Mayafi ya naɗe mini fuska, zane ya ɗaure mini ƙafafu, iyon da na koya ban ga inda ya shiga ba. Kaina ya bugi wani abu mai tauri, na fizge mayafin, na ji hancina ya fita daga ruwa, amma duhu ne. Warin kwalta na ji da albasa. A nan na gane ina ƙarƙashin jirgi, kuma jirgin tafiya yake yi. Na kama benci. Iskar ba ta fi tsawon hannu ba, ruwa yana lasar haɓata. Na yi kuka na kira Inna, muryata ta dawo mini. Sai na tuna Larabar nan. Na juya hannu na buga awarwaron aurena a jikin katako, uku. Na tsaya. Uku. Ban san sau nawa na yi ba. Abin da ke zuciyata ko mutuwar ba ita ce gaba ba, cewa nake akwai jariri a jirgin nan, kuma ni ce na jawo.

Abin da ya faru a waje daga baya aka faɗa mini. Kafin jirgin ya gama juyewa Baba ya fizge igiyoyin benci biyu, jarkoki suka taso. Ya riƙa tura wa mutane suna kamawa. Mai jaririn tana riƙe da ɗanta a gaba, ta ɗaga shi sama da hannu ɗaya, ɗayan a jarka. Babbar rigar Alhaji ta sha ruwa tana jan sa ƙasa, Baba ya zagaya ta bayansa ya tallafo haɓarsa. Sabi'u, kai ka ji usur ka yanko da injinka, Allah ya saka maka, ku kuka kwashe su. Baba yana cikin ruwa ya ƙirga, goma. Kuka ce ya hau, ya ƙi. Ya bi jirgin da iyo, mutum mai furfura, har ya cim masa. Kunne ɗaya ba ya ji, ɗayan ya cika da ruwa, sai ya shimfiɗa tafukan hannunsa biyu a bayan jirgin ya tsaya cik. Da hannu ya ji ni.

Na ji an buga daga sama, uku. Can sai wani abu ya taɓa ƙafata, kan Baba ya ɓullo kusa da nawa a cikin duhun. Na ƙanƙame shi. Ya ɓamɓare hannuna da ƙarfi ya juya ni, ya damƙi kitsona, ba riga ba, ya ce, "Ja iska ki riƙe." Ya ja ni ƙasa.

Da na san inda nake, a kwance nake a yashin mashigin Wudil, ina amayar da jan ruwa, mata sun kewaye ni da zannuwa. Daga cikin gari ana kiran sallar Juma'a na farko. Ana ta ce mini sannu, kin auna arziki, ban yarda da kowa ba. Ƙasa ma ji nake tana tafiya da ni. Na ce a kira mini Baba. Ya zo, rigarsa tana ɗiga, usur yana lilo a wuyansa.

Na ce, "Baba, nawa?"

Ya juya ya ce duk wanda ya shiga jirginsa ya matso. Suka matso, kowa a jiƙe. Ya fara bin su da yatsa, muryarsa a dishe. Da ya zo kan Gwaggo Tabawa, ba albasa ba mayafi, ta ce, "Ƙirga ni, Isiyaku, da ƙarfi." Ya ce bakwai. Jariri takwas, yana ta tsala kuka. Alhaji Mati goma. Sannan ya sunkuyo ya ɗora hannunsa a kaina.

"Goma sha ɗaya. Sun cika, Auta. Kin fita."

Alhaji ya matso, ba hula ba takalmi, yana cewa laifinsa ne, shi ya yi magana, a yafe masa. Na yunƙura zan tashi, sai na tsaya rabi, na dubi Baba, na kasa motsi.

Ya ce, "Yanzu a tudu kike. Durƙusa ki gaishe shi."